Mutum-mutumin Colston da Rigimar Dukiyar Cinikin Bayi a Birtaniya

Mutum-mutumin Edward Colston, wanda aka ƙera da tagulla, ya yi kusan shekara 125 a tsaye a tsakiyar Bristol, birnin tashar jiragen ruwa da ke kudu maso yammacin Ingila. An kafa shi a 1895, masu zanga-zanga kuma suka tumɓuke shi ranar 7 ga Yuni 2020 suka jefa shi a ruwa. Tun daga ranar sunan Colston ya shiga gaba a muhawarar da ake yi a Birtaniya kan irin mutanen da suka cancanci a karrama su a dandalin jama'a. Daga kan tagulla da dutse muhawarar ta gangara zuwa makarantu da coci-coci da gidajen attajirai da aka aza harsashinsu da kuɗin cinikin bayi, har ta kai ga tambayar da ta fi kowace wuya, wato ko wanda ya gaji dukiya ya gaji nauyin da ke kanta.

Mutumin da kasuwancinsa

An haifi Colston a Bristol a 1636 a gidan 'yan kasuwa, amma a Landan ya yi yawancin rayuwarsa, ya mutu a 1721 a Mortlake da ke gefen birnin. Ya yi fataucin tufafi da giya da 'ya'yan itace tsakanin Ingila da Sifaniya da Fotugal, yana kuma ba da rance da ruwa. A 1680 ya sayi hannun jari a kamfanin Royal African Company, wanda gidan sarautar Ingila ya mallaka wa izinin kasuwanci a gaɓar Afirka ta Yamma shi kaɗai, ba abokin takara. Ƙanin sarki, wanda daga baya ya hau gadon sarauta da sunan James na Biyu, shi ne gwamnan kamfanin, don haka gudanar da harka ta yau da gobe tana hannun mataimakin gwamna. Colston ya riƙe wannan muƙami daga 1689 zuwa 1690, ya bar kamfanin a 1692.

Kamfanin yana da sansanoni a Cape Coast da ke Ghana ta yau da kuma bakin kogin Gambiya. A nan ake tsare mutanen da aka sayo, a yi musu tambari a jiki da ƙarfe mai zafi ɗauke da haruffan kamfanin, sannan a loda su a cikin jirage zuwa gandayen rake na Barbados da Jamaika. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a shekara 12 da Colston ya yi a kamfanin an yi jigilar 'yan Afirka kimanin 84,000, maza da mata da yara, kuma kimanin 19,000 daga cikinsu sun mutu a teku aka watsa gawarwakinsu a ruwa. Fiye da mutum ɗaya ke nan cikin kowane biyar.

Colston bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, sai ya karkata dukiyarsa ga garin haihuwarsa. Ya gina gidajen gajiyayyu, ya gyara coci-coci, a 1710 kuma ya buɗe makarantar kwana ta yara maza 100. Kyautar tasa tana da sharaɗi: sai mabiya Cocin Ingila, ban da 'ya'yan sauran ɗariƙun Kirista da yake adawa da su a addini da siyasa. Ya damƙa kulawa da wannan waƙafi a hannun ƙungiyar manyan attajiran birnin da ake kira Merchant Venturers, wadda har yau tana nan. Ita wannan ƙungiya ce ta dage aka soke keɓantaccen izinin kamfanin na Landan a 1698, domin 'yan kasuwar Bristol su ma su shiga cinikin. Daga nan zuwa 1807 jiragen Bristol sun yi sawu fiye da 2,000, suka kwashi 'yan Afirka kusan rabin miliyan, da yawa daga cikinsu ta Kalaba da Bonny a kudancin Najeriya ta yau.

Yadda aka kafa shi

Shekara 174 ne tsakanin mutuwar Colston da kafa mutum-mutuminsa, kuma wannan tazara tana da muhimmanci ga duk muhawarar da ta biyo baya. Waɗanda suka kafa shi ba su san Colston ba. Attajiran ƙarshen ƙarni na 19 ne, a lokacin da yajin aikin ma'aikatan tasha da na masana'antu ya addabi Bristol, kuma masu kuɗi suna neman wani gwarzo da za su nuna wa talakawa a matsayin shaidar cewa attajiri uban gari ne. Wani mai maɗaba'a, James Arrowsmith, shi ya jagoranci neman gudummawa. Jama'a ba su ba da abin da ya isa ba, sai da aka yi ta roƙo kafin a cike giɓin kuɗin, wanda bai wuce fam 1,000 ba. Maƙerin, John Cassidy, ya siffanta Colston a matsayin dattijo mai zurfin tunani, ya dogara da sanda, ya yi tagumi. Allon da ke jikin dakalin ya ce mutanen Bristol ne suka kafa shi don tunawa da ɗaya daga cikin 'ya'yan birnin mafiya nagarta da hikima. Ko kalma ɗaya babu a kan bayi.

Da tafiya ta yi nisa sai sunan ya mamaye gari: tituna, makarantu, babban zauren kiɗa, dogon bene na ofisoshi, har da wani burodi mai zaƙi da aka riƙa raba wa 'yan makaranta a ranar tunawa da shi cikin watan Nuwamba, bayan an yi addu'ar godiya a coci. A 1977 aka sa mutum-mutumin cikin jerin kayan tarihi da doka ta hana a taɓa sai da izini.

Shekarun ƙorafi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu dubban mutane daga yankin Karibiyan sun zo Bristol neman aiki, yawancinsu jikokin bayin da aka kai can. Sun tarar da wariya a gidajen haya da wuraren aiki, har a 1963 suka ƙaurace wa motocin bas na birnin saboda kamfanin ya ƙi ɗaukar baƙar fata aikin direba ko kwandasta, kuma suka yi nasara. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suka riƙa wucewa ta gaban Colston kullum a hanyar makaranta da kasuwa. Tun daga shekarun 1990 ake kiran a cire shi ko a faɗi gaskiyar tarihinsa a wurin. Fitattun mawaƙan birnin, Massive Attack, sun yi shekaru suna ƙin yin wasa a zauren da ke ɗauke da sunansa. Sai dai kan mutanen gari a rabe yake: a ƙuri'ar jin ra'ayi da jaridar Bristol Post ta yi a 2014, kashi 56 cikin 100 sun ce a bar shi inda yake.

A 2018 majalisar birnin ta amince da matsaya ta tsaka-tsaki, wato a ƙara allo na biyu da zai bayyana rawar da ya taka a cinikin bayi. Daftarin farko ya kawo alƙaluman waɗanda aka kwasa da waɗanda suka mutu, ya kuma ambaci cewa Colston ɗan majalisar dokoki ne na jam'iyyar Tory. Nan aka shiga ja-in-ja a kan kowace kalma. Wasu 'yan jam'iyyar Conservative, wadda ake wa laƙabi da Tory, suka ce an sa siyasa, wani ɗan ƙungiyar Merchant Venturers ya sake rubuta daftarin ya fifita ayyukan alherin Colston, ya sassauta sauran. A watan Maris 2019, bayan har an zuba allon, magajin gari Marvin Rees ya hana a liƙa shi, yana mai cewa bai dace ƙungiyar da ta ci gajiyar dukiyar Colston ta zama mai maganar ƙarshe a kan yadda za a bayyana shi ba. Rees, wanda mahaifinsa ɗan Jamaika ne, ya yi alkawarin za a sake sabon rubutu. Wankin hula ya kai dare, shekara ta zagayo ba a yi ba. Duk wanda zai yi hukunci a kan abin da ya faru daga baya ya kamata ya riƙe wannan a zuciya: an bi hanyar lalama shekara da shekaru, ba ta haifar da ko allo guda ba.

Ranar 7 ga Yuni

Ranar 25 ga Mayu 2020 wani ɗan sanda farar fata ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis ta Amurka har ya mutu, zanga-zanga ta ɓarke a ƙasashe da dama. A Bristol mutane kimanin 10,000 suka fito ranar Lahadi 7 ga Yuni. Wasu suka hau dakalin suka ɗaura wa mutum-mutumin igiya, aka ja, cikin ƙanƙanin lokaci ya faɗo. Wani ya ɗora gwiwarsa a wuyan tagullar kamar yadda aka yi wa Floyd. Aka fesa masa jan fenti da shuɗi, aka mirgina shi a kan kwalta har bakin tasha, aka tura shi ruwa daura da gadar Pero. Gadar tana ɗauke da sunan Pero Jones, bawan da wani mai gandun rake ya zo da shi Bristol daga tsibirin Nevis a 1783. 'Yan sanda suna wurin amma ba su sa baki ba, shugabansu a ranar ya ce shiga tsakani zai iya jawo jikkata da tarzoma.

Sakatariyar harkokin cikin gida, Priti Patel, ta kira abin da aka yi babban abin kunya, fadar Firaminista Boris Johnson ta ce laifi ne da doka za ta bi. Jagoran adawa Keir Starmer ya ce hanyar da aka bi ba daidai ba ce, amma tun tuni ya kamata a ce an sauke shi. Rees ya ce ba zai goyi bayan ɓarna ba, kuma ba zai yi ƙaryar cewa ya yi baƙin cikin rashin mutum-mutumin ba. Bayan kwana huɗu majalisar birnin ta tsamo shi da sassafe. Masu gyara sun wanke taɓon da ke cikinsa amma suka bar fentin, suna ganin shi ma ya zama tarihi. A cikin rigar tagullar suka tarar da wata mujalla ta 1895 a naɗe, da sunayen ma'aikatan da suka kafa shi rubuce da hannu.

Kwamitin masana tarihi da magajin gari ya kafa ya ji ra'ayin mutane kusan 14,000, kuma huɗu cikin biyar na mazauna Bristol da suka amsa sun zaɓi a ajiye shi a gidan tarihi. Yanzu yana gidan tarihi na M Shed, a kwance, da fentinsa, kusa da kwalayen da masu zanga-zangar suka ɗaga. Zauren kiɗan ya koma Bristol Beacon, makarantun da ke ɗauke da sunan su ma sun sauya.

Kotu da sabuwar doka

An gurfanar da mutum huɗu bisa tuhumar lalata dukiyar jama'a. Ba su musa cewa da hannunsu a ciki ba. Lauyoyinsu sun ce barin mutum-mutumin a tsaye cin zarafi ne ga wani ɓangare na mutanen gari, kuma hukunta su zai tauye 'yancinsu na bayyana ra'ayi. Masanin tarihi David Olusoga, wanda aka haifa a Legas, ya ba da shaida kan yadda cinikin yake gudana. Ranar 5 ga Janairu 2022 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka wanke su, mutum 11 cikin 12. Babbar lauyar gwamnati, Suella Braverman, ta miƙa batun ga Kotun Ɗaukaka Ƙara don neman fassarar doka. A Satumba 2022 kotun ta ce 'yancin zanga-zanga ba ya kare wanda ya yi babbar ɓarna ko ya yi amfani da ƙarfi, amma hakan bai shafi wankewar da aka yi wa mutanen huɗu ba.

Gwamnati ta riga ta ɗauki nata mataki. A Janairu 2021 ta fito da manufar a bar kowane mutum-mutumi inda yake a yi masa bayani, ta kuma wajabta neman izini kafin a cire ko da wanda ba ya cikin jerin kayan tarihi. Dokar 2022 ta kai hukuncin lalata abin tunawa har ɗaurin shekara 10, alhali a da ɓarnar da ba ta kai fam 5,000 ba ba ta wuce wata uku.

Masu goyon bayan wannan manufa suna da hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. Suna cewa ba a auna mutumin ƙarni na 17 da mudun yau, tunda a zamaninsa doka ta halatta cinikin, kuma idan aka fara tumɓukewa ba a san inda za a tsaya ba, ga shi a rana guda an yi rubutu a jikin mutum-mutumin Winston Churchill a Landan. Suna kuma cewa a ƙasar da ake zaɓe majalisa ce ke yanke irin wannan shawara, taron jama'a da igiya ba su da wannan hurumi. Hujjar da ta fi rauni ita ce wadda aka fi maimaitawa, cewa cire mutum-mutumi share tarihi ne. Mutum-mutumi a dandali girmamawa ce da wasu mutane suka yanke shawarar yi a wani zamani, kuma na Colston ya ɓoye tarihin da ya fi muhimmanci a rayuwarsa tsawon shekarun da ya yi a tsaye. Ko a zamanin Colston akwai waɗanda suka san cinikin zalunci ne, na farkonsu su ne mutanen da ke ɗaure a cikin jiragen.

Inda kuɗi ya yi magana

Rigimar Cecil Rhodes ta fi nuna yadda dukiya ke tsare mutum-mutumi. Rhodes ya tara arziki daga lu'ulu'u da zinariya a kudancin Afirka, kamfaninsa ya ƙwace ƙasashen da yanzu ake kira Zimbabwe da Zambiya. A Afrilu 2015 Jami'ar Cape Town ta sauke mutum-mutuminsa bayan wata guda ana zanga-zangar ɗalibai. A Oxford kuwa, inda ya bar wa kwalejin Oriel fam 100,000 a wasiyyarsa ta 1902, lamarin ya sha bamban. A Janairu 2016 kwalejin ta ce ba za ta sauke nasa da ke saman ƙofar gininta ba, jaridu kuma suka ruwaito cewa masu ba ta gudummawa sun yi barazanar janye alkawuran da suka kai fam miliyan 100. A Yuni 2020 hukumar kwalejin ta ce tana son a sauke shi, yawancin 'yan kwamitin da ta naɗa suka goyi baya, amma a Mayu 2021 ta fasa, ta kafa hujja da tsadar aikin da wahalar samun izini. Har yanzu yana nan. Tallafin karatu na Rhodes shi ma yana nan, ɗalibai daga Afirka suna cikin masu amfana, kuma wasu daga cikinsu ne suka jagoranci kiran a sauke shi. Da aka zarge su da butulci, suka amsa cewa kuɗin daga ƙasar kakanninsu aka haƙo shi.

Diyyar 1833

Birtaniya ta haramta fataucin bayi a jiragenta a 1807, ta soke bautar kanta a yawancin yankunan mulkinta da dokar 1833, wadda ta 'yanta mutane kimanin 800,000. Dokar ta ware fam miliyan 20 na diyya, kwatankwacin kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa a shekara. Iyayen gijin bayin aka biya, saboda a idon doka sun yi asarar kadara. Bayin ba su sami ko kwabo ba, ba a ba su ko taƙi ɗaya na gona ba, aka ma tilasta musu ci gaba da yi wa tsofaffin iyayen gijinsu aikin fiye da sa'a 40 a mako ba lada, da sunan koyon sana'a, har 1838.

Rance gwamnati ta ci don biyan kuɗin. Nathan Rothschild da Moses Montefiore suka shirya mata bashin fam miliyan 15 a 1835, daga baya aka haɗe shi da wasu basussukan gwamnati, ba a gama biyan waɗannan ba sai 2015. A Fabrairu 2018 baitulmalin Birtaniya ya wallafa saƙo a Twitter yana alfahari cewa masu biyan haraji na yau sun taimaka wajen kawo ƙarshen bauta. Mutane suka fusata, domin ma'anarsa ita ce jikokin bayi da ke zaune a Birtaniya sun biya haraji don cike kuɗin da aka ba waɗanda suka bautar da kakanninsu. Aka goge saƙon.

Da yake kowane mai neman diyya sai ya rubuta sunansa da yawan bayinsa, takardun hukumar biyan kuɗin sun zama cikakkiyar ƙidaya. Masana a kwalejin UCL ta Landan, ƙarƙashin Catherine Hall da Nicholas Draper, sun tattara su suka sa a intanet a 2013, da sunaye kimanin 46,000. A ciki akwai manyan masu sarauta da 'yan majalisa da limaman coci, akwai kuma gwauraye mata a ƙananan garuruwan Ingila da suka gaji bawa ɗaya ko biyu da ba su taɓa gani ba. Kusan rabin kuɗin ya tsaya a hannun masu zama a Birtaniya, ya shiga layin dogo da bankuna da inshora da manyan gidajen karkara. Wannan rumbun bayanai shi ya sauya yanayin gardamar, domin tun daga lokacin kowa na iya rubuta sunan gidansu ya ga adadi da kwanan wata.

Magada

John Gladstone, attajirin Liverpool, ya karɓi fiye da fam 106,000 a kan bayi fiye da 2,500 a Guyana da Jamaika. A gandunsa mai suna Success aka fara babban boren bayi na yankin Demerara da ke Guyana a 1823, wanda aka murƙushe da kisa. Ɗansa William ya kare shi a majalisa a 1833, daga baya ya zama firaminista har sau huɗu. A 2020 Jami'ar Liverpool ta yanke shawarar cire sunan Gladstone daga wani ɗakin kwanan ɗalibai, a Agusta 2023 kuma wasu daga zuriyar suka je Guyana suka nemi gafara a bainar jama'a, suka yi alkawarin fam 100,000 ga jami'ar ƙasar. Watanni kafin nan zuriyar Trevelyan, waɗanda kakanninsu suka mallaki bayi fiye da 1,000 a Grenada, sun yi irin haka, inda 'yar jarida Laura Trevelyan ta ba da fam 100,000 daga aljihunta. A Guyana wasu sun ɗaga kwalaye a zauren taron suna cewa neman gafara da wannan ɗan kuɗi bai isa ba.

Gidan Drax ya ɗauki wata hanya. Kakansu James Drax yana cikin waɗanda suka fara noman rake da bayi a Barbados a shekarun 1640. Gandun Drax Hall, mai faɗin eka fiye da 600, bai taɓa fita daga hannun zuriyar ba, kuma Richard Drax, ɗan majalisar Conservative daga 2010 zuwa 2024, shi ya gaje shi tare da makeken fili a Dorset. Masanin tarihi Hilary Beckles ya ƙiyasta cewa bayi kimanin 30,000 sun mutu a gandayen gidan a Barbados da Jamaika. Drax ya ce abin da kakanninsa suka yi abin takaici ne ƙwarai, amma ba wanda za a ɗora wa alhakin abin da ya faru ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A 2024 gwamnatin Barbados ta shirya sayen wani yanki na gandun don gina gidaje a kan kusan fam miliyan 3, jama'a suka yi ca, suna cewa za a sake biyan gidan iyayen gijin bayi karo na biyu, Firaminista Mia Mottley ta dakatar da cinikin.

Maganar Drax tana da gaskiya ta fuska ɗaya: laifi ba ya bin jini, ɗa ba ya ɗaukar zunubin uba. Amma masu neman diyya ba zunubi suke bi ba, kadara suke bi. A rabon gado ba a taɓa ba magada kasonsu sai an fitar da bashin da ake bin mamaci, kuma magajin da ya karɓi gona ba zai ce bashin da ke kanta bai shafe shi ba don ba shi ya ci ba. Wahalar tana wajen lissafi. Dukiyar ta yi shekara 200 tana gauraya da wasu, wasu gidajen sun tsiyace, wasu sun haɓaka, waɗanda aka zalunta kuma zuriyarsu ta bazu a ƙasashe da yawa. Ana kuma tunatar da cewa sarakuna da fatake na Afirka, irin na Kalaba da Bonny da Dahomey, su ne suka sayar da mutanen. Haka ne, kuma magana ce da ya wajaba 'yan Afirka su fuskance ta a tsakaninsu ba tare da kwana-kwana ba. Sai dai samun abokin tarayya a zalunci ba ya sauke wa mai saye nasa kason.

Hukumomi da gwamnati

Hukumomi sun fi gidaje sauƙin kamawa, domin ba sa mutuwa kuma littattafan kuɗinsu suna nan. A 2019 Jami'ar Glasgow ta yi alkawarin tara fam miliyan 20 don aikin haɗin gwiwa da Jami'ar West Indies. Kasuwar inshora ta Lloyd's, wadda ta riƙa yi wa jiragen bayi inshora, ta nemi gafara a 2020. A Janairu 2023 hukumar kula da dukiyar Cocin Ingila ta ware fam miliyan 100, bayan bincike ya nuna wani asusunta na ƙarni na 18 ya zuba jari a kamfanin South Sea mai jigilar bayi. Kwamitin da aka naɗa ya duba shirin ya ce kuɗin ya yi kaɗan, a nemi biliyan ɗaya, wasu 'yan cocin kuma suka ce ko miliyan 100 ɗin ya fi dacewa a kashe a kan coci-cocin karkara da ke rufewa. Jaridar Guardian ta binciki kanta ta gano wanda ya kafa ta ya yi arziki da audugar da bayi suka noma. Ita ce kuma a Afrilu 2023 ta wallafa wata takarda ta 1689 da ke nuna Colston ya miƙa wa Sarki William na Uku hannun jari na fam 1,000 a kamfanin Royal African Company, fadar Buckingham ta ce tana goyon bayan a binciki alaƙar gidan sarauta da cinikin.

Gwamnati ce ba ta motsa ba. Firaminista Tony Blair ya nuna matuƙar baƙin ciki a 2006 ba tare da neman gafara a hukumance ba. Firaminista David Cameron ya faɗa wa majalisar Jamaika a 2015 cewa lokaci ya yi da za a bar baya a fuskanci gaba. Firaminista Rishi Sunak ya ƙi neman gafara a 2023. Hujjar da ake yawan kawowa ita ce Birtaniya ce ta tura jiragen yaƙi gaɓar Afirka ta Yamma daga 1808 don tare masu fataucin, suka kuɓutar da mutane kimanin 150,000, kuma talakan Birtaniya na yau, wanda kakanninsa suka sha wuya a ma'adinai da masaƙu, bai kamata ya biya kuɗin abin da bai ci ba. Ƙasashen Karibiyan, ta ƙungiyarsu ta CARICOM, sun fitar da buƙatu 10 tun 2014, waɗanda suka haɗa da neman gafara a hukumance da yafe bashi da tallafin lafiya da ilimi. A Nuwamba 2023 aka yi taro a Accra inda Tarayyar Afirka da CARICOM suka amince su haɗa kai, Tarayyar kuma ta keɓe shekarar 2025 ga batun diyya. A taron ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Samoa a Oktoba 2024, shugabanni sun sa hannu a kan sanarwar da ta ce lokacin tattaunawa kan gyara wannan zalunci ya yi. Keir Starmer, wanda ya zama firaminista a watan Yuli na shekarar, ya sa hannu tare da su, amma ya ce a duk tattaunawar da aka yi babu maganar kuɗi, kuma matsayin gwamnatinsa na ƙin biyan diyya bai sauya ba.